Diyyar Giwar Gyaɗa ta Turawa

Wanda bai san Alhaji Ɗanmaliki ba bai san garin Turawa ba. Shi da kansa ya faɗa, wa ya isa ya musa? Bai hau jirgi ba tukuna, amma ya karɓi Alhajin tun da wuri don kada a riga shi. Jarinsa buhun gyaɗa ɗaya da tiya mai lotsattsen gindi, kirarinsa kuwa Giwar Gyaɗa, mai tayar da farashi da tari guda.

Wata ranar kasuwa 'yan sanda suka zo neman wani dillali da ya kwashe gyaɗar manoman garin Rogo ya gudu. Suka tsaya bakin rumfuna suka ce, "Wane ne babban dillalin gyaɗa a nan?"

Giwa ya miƙe, ya karkata hula.

"Yallaɓai, tambayar ma raini ce. Daga Gwangwan har Unguwar Hajji, ƙwayar gyaɗa ba ta motsi sai da sanina."

Suka yi masa godiya, suka ɗaura masa ankwa. Daga bayan mota yana ɗaga wa jama'a hannu biyu kamar ɗan takara.

Sai da ya sha kwanaki a tsare kafin a kama ɓarawon gaskiya. Giwa ya dawo gida wuya kamar mariƙin lema.

'Yar ƙanwarsa, Barista Munawwara, ta zo jaje. Ta ce, "Kawu, doka ta ba ka haƙƙin diyya, har da neman afuwa a bainar jama'a. Ka dai gaya wa alƙali gaskiya: kai ƙaramin mai awo ne."

Afuwar a bainar jama'a ita ta fi burge shi. Ya ari babbar riga, ya gayyaci rabin Turawa.

A kotu lauyan 'yan sanda ya ƙare wa Giwa kallo, ya yi murmushi. "Ya mai shari'a, mu ma mun ji kunya. Dubi wannan bawan Allah, ai ko mudu biyar bai taɓa sayarwa a wuni ba."

Baki shi ke yanka wuya. Giwa ya zabura.

"Ƙarya ne! Ni na ce musu ni ne, kuma yau ma na maimaita! Ita kanta gyaɗar Rogon, da ban ga dama ba, da ba ta fita ba!"

Munawwara ta dafe kai. Alƙali ya kori ƙarar, ya ce wa Giwa ya gode wa Allah da ba a rubuta jimlarsa ta ƙarshe ba.

A waje Giwa ya sanar da jama'a cewa ya yafe wa gwamnati, domin babba juji ne.

Matarsa Tasalla, wadda ta kula da rumfar yana tsare, har rumfar ta ga riba karon farko, ta ja lauyarsa gefe.

"Munawwara, don Allah duba mini dokar nan da kyau. Ba inda aka ce za a iya mayar da shi, ko zuwa bayan kaka ne?"