Waƙar Da Na Yi Wa Ɗan Rabi

Ba zan taɓa mantawa da yinin sunan ɗan Rabi ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bar ni ba. Har yau in an taru biki a Shinkafi sai an sami wata gwaggo da za ta dube ni, fuska ba dariya, ta ce, "Malama, yau babu waƙa?"

Lokacin ina amarya, ban daɗe da tarewa ba. Ni 'yar Kaura Namoda ce, kuma kafin aure ina koyar da Hausa a wata firamare a can. Da aka kawo ni Shinkafi, cikin babban gida, sai maganar aikina ta tsaya cak. Ana iya mayar da ni wata makaranta a nan cikin gari, amma maigidana ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da Inna ta yanke. Inna mahaifiyarsa ce, mace marar yawan magana, wadda in ta dube ka sai ka fara lalube a ranka ko ka yi wani laifi. Duk sanda aka taso da zancen sai ta ce, "Mu gani dai tukuna." Abin da take son gani, kamar yadda Rabi ta tsegunta mini, shi ne ko boko ya bar mini sauran kunya. Ga hutu yana ta ƙarewa, in aka koma makaranta ban koma ba, gurbina ya tafi.

Rabi matar Sanusi ce, ƙanin maigidana, wanda ya riga wansa aure. Ta haifi namiji, haihuwa ta biyu, don haka a gidanmu za a yi suna. Dangi za su zo daga Badarawa da Zurmi da Galadi, kuma wannan ne taro na farko da za su gan ni ba a cikin lulluɓi ba. Na zauna na yi tunani irin na masu wayo. Kowace mace za ta kawo atamfa da sabulu da rigar jariri. Ni kuwa zan kawo abin da ba mai iya kawowa, in nuna wa Inna cewa karatun nan ba na banza ba ne. Zan binciko ma'anar sunan yaron, in tsara masa waƙa mai amsa-amo, in rera a gaban mata. (A aji yara suna son waƙoƙina ƙwarai. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa yara ba su da zaɓi ba.)

Sai dai ba a faɗin suna kafin ranar suna. Na tare Sanusi yana ɗaure ragon a tsakar gida. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin miji, kullum cikin tsokanata yake.

Na ce, "Sanusi, don Allah gaya mani sunan da za a sa ma yaron ga."

Ya ce, "Ke amarya, ina kika taɓa jin an hwaɗi suna rago na numhwashi?"

"Waƙa za ni yi mai. Ba mai ji daga bakina sai ranar."

Ya saki igiyar ya dube ni. "Waƙa? Gaban su Inna?"

"Awo."

Sai ya miƙo hannu ya karɓi wayata, ya rubuta sunan a ciki, ya mayar mini. "To ki yi ta da kyau," ya ce. "Ki ɗaga murya hwa, tsohhin ga ba su ji sosai."

Na duba, na ga ya rubuta Bello. Ban tambayi kaina dalilin da ya hana shi faɗa da baki ba. Na ɗauka sirri yake kiyayewa, har na ji ya ƙara daraja a idona.

A nan ya kamata in yi wa kaina adalci kaɗan. Surukina, duk Shinkafi da Alhaji Maigero aka san shi, saboda sana'ar hatsi da yake yi a kasuwa. A gida Alhaji ne ko Baba. Maigidana kuma in zai rubuta sunansa, Muhammad kawai yake sawa a matsayin sunan uba, shi ke nan. Iyakar adalcin da zan iya yi wa kaina ke nan, sauran duk nawa ne.

Na duƙufa bincike. Wayata ta ce sunan daga Fulatanci yake, ma'anarsa mai taimako. Wani shafin kuma ya ce a harshen mutanen Italiya kalmar tana nufin kyakkyawa. Ban san abin da ya haɗa Shinkafi da Italiya ba, amma na ce a bar ta, ba a ƙin ƙari. Daga nan na shiga farautar kalmomi masu ƙarewa irin tasa. Ina tuƙa tuwo ina cewa allo, kallo, ƙwallo. Ina shara ina cewa ɓullo, salo, lilo. Na samo gwalo na yar, don bai dace da taron manya ba. Na daɗe ina juya tolotolo, ina neman inda zan saka shi, daga baya na haƙura. Maigidana ya taɓa tambayata abin da nake ta gunaguni, na ce masa ya jira ya sha mamaki. Wannan alkawarin dai na cika shi.

Ranar suna da sassafe aka tura ni gidan maƙwabta, inda ake suyar masa, ni da wasu matasan mata. Ina can cikin hayaƙi aka yanka rago, aka raɗa suna, aka sanar a ƙofar gida, mata suka yi guɗa, aka yi ta maganar da duk mai kunne ya ji. Ban dawo ba sai bayan azahar. Na yi wanka, na ci ado, na ɗaura ɗankwali irin na matan Kaura, na shiga taro.

Tsakar gida cike take. Inna na zaune a kan tabarma a gindin bango, jinjirin a cinyarta, an yi masa aski kansa sai sheƙi. Kowa ta zo sai ta leƙa fuskarsa ta yi addu'a. Na ji wata ta ce, "Allah shi raya Baba ƙarami." Wata ta ce, "Maisuna, buɗe ido mu gani." Wata tsohuwa daga Badarawa ta ce, "Alhajin gida ya dawo sabo." Duk na ji su da kunnena. Abin da na ce a raina shi ne, kai, mutanen nan akwai son laƙabi, tun yaro bai san kansa ba. Ni ce fa wadda ta sha tsayawa gaban allo tana koya wa yara sunayen alkunya: yadda mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na surukinta, in an yi wa ɗayansu takwara sai a sakaya sunan. Na ma taɓa kawo tambayar a jarrabawa, na kayar da yara a kanta.

Da aka gama cin abinci na miƙe tsaye, na yi gyaran murya, na ce ina da 'yar gudummawa. Mata suka yi tsit. Na fara da bayani, kamar a aji.

"Iyayena, kahin in yi waƙa, bari ku ji ma'anar sunan yaron ga. Bello na nuhin mai taimako. A wani harshe kuma, kyakkyawa. Don haka duk macen da Allah Ya ba Bello, ta more miji."

Na ga wata ta ajiye cokali. Na ga Rabi daga ƙofar ɗakinta tana kaɗa mini hannu. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa take yi, na yi mata murmushi, na ɗaga murya yadda aka ce in yi:

"Bello, Bello, ka ɓullo,
Mata sun taru suna kallo,
In ka girma ka riƙe allo,
Kada ka ɓace wurin ƙwallo."

Ba wadda ta tafa. Tsofaffi suka ja mayafi suka rufe baki, matasa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Inna ba ta ɗago ba, tana ta gyara wa jinjirin zani wanda ba abin da ya same shi. Ni kuwa na san irin wannan shirun, ko in ce na zaci na san shi. Haka yara suke yi in waƙa ta ratsa su, sai malami ya ja su. Don haka na matsa gaba, na durƙusa a gaban Inna cikin ladabi, don ta ga tarbiyya, na ce da ƙarfi, "Inna, ku kama muna amshi. Ba wuya, in na kai ƙarshe ku ce Bello!"

Sai daga turaka, can gefen zaure, wata murya ta amsa.

"Na'am! Wa ka kirana?"

Labule ya ɗaga, Alhaji ya leƙo, hannun riga a naɗe, buta a hannu. Ashe ya shigo yin alwalar la'asar. Ya dubi mata, mata suka dubi ƙasa. Ni kaɗai ce na dube shi, a durƙushe, baki buɗe, da sauran baiti a maƙogwaro. Gwaggon maigidana ta Zurmi ta kama gefen zanina ta ja ni kusa, ta yi raɗar da har na bayan gida sun ji: "Ɗiyar nan, sunan surukinki na kika ta rerawa. Kuma kin ce matarshi ta amsa."

Alhaji ya fahimci abin da ya faru kafin ni in gama fahimta. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce a hankali, "Rabona da in ji sunan ga da muryar mace tun ranar da tsohuwata tar rasu. Na aza ita ta." Ya saki labule ya koma.

Kunya iri-iri ce, na sha wasu a rayuwa, amma wannan ta haɗa da tausayi, shi ya sa ta fi nauyi. Ban san yadda na tashi ba. Na dai sami kaina a ɗakin mai jego, a bayan ƙofa, kusa da tulin atamfofin da mata masu hankali suka kawo. Rabi tana dariya tana riƙe ciki tana roƙona in fita, don dariyar na yi mata ciwo. Ban fita ba sai da baƙi suka watse.

Maigidana bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado ya tambaye ni, "Sau nawa kika hwaɗa?"

Na ce, "Ban ƙidaya ba."

Ya ce, "Su sun ƙidaya."

Sanusi kuwa aiko Rabi ya yi ta gaishe ni, wai yana tambaya ko waƙar tana da ci gaba. Har yau ban gama rama wannan ba.

Washegari na je gaida Inna kamar mai zuwa karɓar hukunci. A raina na riga na yi bankwana da alli da allo. Wace suruka ce za ta saki irin wannan bakin ya shiga gari? Na durƙusa daga nesa, na gaishe ta, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Tana tsince wake a faifai, ba ta bari na kai ko'ina ba.

"Yaushe makarantar taku ka komawa?"

Na ce, "Sati mai zuwa, Inna."

"To ki koma."

Na ɗago kai, na zaci ban ji daidai ba.

"Ki koma," ta sake cewa, idonta a kan wake. "Baki irin naki ba na zaman gida na ba. In anka aje ki nan, mu za ki ƙare ma. Gara ki tahi da sahe ki sauke shi bisa ɗiyan mutane, ki dawo muna da ɗan saura."

Na yi godiya. Abin da na yi ta nema da ladabi da wanke-wanke da durƙuso, na same shi da abin kunya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa ba wata amarya shawarar ta bi wannan hanyar ba.

Ina koyarwa har yanzu. Darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne: kafin ka tambayi waya ma'anar suna, tambayi mutanen gida na wane ne. Sunan nan dai tun daga ranar bai sake fita daga bakina ba (nan ma rubutawa na yi, ba faɗa ba). Matsalar ita ce a Shinkafi ba ajin da za ka shiga ka rasa masu shi. In ina kiran suna da safe na iso kansu sai in ce, "Maisuna," su miƙe gaba ɗaya, ni kuma in nuna wanda nake nufi da alli.