Ranar da Na Ce wa Minista Lafiya Lau Muke

Ko tsufa zai kwashe min komai a ka, ba zan taɓa mantawa da zuwan wani ƙaramin minista daga ƙasar Ayilan ta Turai ƙauyenmu ba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, ga fari, rijiyar gari ta ja baya. Mata su zura guga su yi ta jira, abin da zai fito kamar kunun kanwa. Ni kuwa ina sabon malamin firamare a gefen Tsanyawa, da wando mai kari da biro uku a aljihu (biyu ba sa rubutu).

An ce ministan ne ke kula da taimakon da ƙasarsu ke bayarwa, yana zaga ƙauyuka ya ga inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Mai unguwa Baba Sale ya kira ni ya ce, "Malam, kai ke jin Turanci, kai ne bakinmu gobe. Ruwa, ka ji ko? Ruwa kawai." Na bugi ƙirji na ce, "Baba, bar min wannan."

Na sa aka share makaranta, aka aro kujeru, aka sayo lemon kwalba. Tulun ruwanmu kuwa na ɓoye shi bayan aji, kada a ga wallenmu.

Sai ga baƙo, gajere, rana ta gasa shi ya yi jajir, hannun riga a naɗe. Tun kafin ya zauna ya tsaya gona yana murza ƙasa a hannu. Ya ce shi ɗan manomi ne, da malanta ya fara, ya yi kansila, ya je majalisa, har aka ba shi wannan kujera. Kaina ya ƙara girma, na ce ashe abokin aiki ne (har na hango kaina a majalisa). Can ya dube ni ya ce, mene ne ya fi damun mutanen garin nan?

To, mu a gidanmu ba a kai wa baƙo kuka a tambayar farko. Ko da yunwa ka kwana, in an ce bismilla, sai ka ce alhamdu lillahi. Sai an matsa, an sake matsawa, sannan ka sosa ƙeya ka ce, "To, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba." Don haka na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya lau muke, mun gode Allah." Na tsaya ina jiran tambaya ta biyu.

Jami'in da ya rako shi daga birni ya duba agogo, ya miƙe, ya ce madalla, akwai wasu ƙauyuka a gaba. Baba Sale ya jawo rigata. "Me ka ce masa?" Na faɗa masa. Kallon da ya yi min har yau ina jin sa a bayana.

Ashe Goggo Delu, yayar mahaifina, ta ji. Ta zaga bayan aji, ta cika moɗa daga tulun nan, ta ratso taro. Ba baƙo ta miƙa wa ba, ni ta miƙa wa. "Ungo, ɗan lafiya lau. Shanye a gaban baƙonka."

Wa zai musa wa Goggo? Na kafa kai na sha. Yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorana, ɗalibaina na ƙyaƙyata dariya, ni kuwa ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Ministan ya karɓi moɗar ya leƙa, sannan ya yi murmushi. Ya ce tsohuwarsa ma ko rufin ɗaki na yoyo a kanta, lafiya lau za ta ce, kuma a garinsu ba a karɓar shayi sai an yi tayi na uku. Ya ce yana shirin sake tambaya, amma wannan baiwar Allah ta amsa duka. Kuma ni ɗin dai na fassara wa jama'a wannan, da laka a leɓena.

Kafin rani ya zagayo aka kafa mana famfo. Daga baya muka ji a rediyo jam'iyyarsu ta faɗi zaɓe, wani ya ce ya koma gona wurin shanunsa. Baba Sale ya ce, "Mulki rigar aro ne. Allah Ya saka masa."

Baba Sale ya rasu, Goggo ma, kuma ina kewarsu ƙwarai. Famfon na nan, kuma har yau sunansa Lafiya Lau. Jikokina na zuwa ɗiban ruwa can, ba su san a kan kakansu aka raɗa sunan ba. Ni dai na koyi darasi: kara ado ce, amma ba a yi wa ƙishirwa. Yanzu ko likita ya gaishe ni da "Ina gajiya?", sai in ce masa ya gyara zama ya sha labari.