Yadda Za Ka Ɓoye wa Mahaifinka Cewa Rijiyarka Ruwa Take Fitarwa

Idan ka yi shekara biyar a jami'a kana karatun injiniyan man fetur, ka tura takardar neman aiki kamfani talatin da ɗaya, sannan ka wayi gari kana haƙa rijiyar burtsatse a bayan wata makarantar firamare, to gyara zama, darasin nan naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, babu mahaluƙin da zai gane ruwa kake haƙowa ba mai ba. Ni da kaina na gwada su wata goma sha huɗu.

Sai dai dabarar ba ta da amfani sai kana da uba irin nawa. Baba ya shekara arba'in yana haƙa rijiya da hannu, daga shi sai dagi da igiya da guga, har bayansa ya lanƙwashe. Ranar da na samu gurbin karatu ya tara maƙwabta ya ce, "Ni na ƙare a ruwa, ɗana zai fara daga mai." Tun daga ranar ya ajiye sunana, sai dai Injiniya. Irin wannan uban ba ka iya duban idonsa ka ce masa ka koma inda ya tsaya. Ni dai na kasa, don tsoron ganin fuskarsa ya fi ƙarfina.

Mataki na 1: Fara share fage tun kana ɗalibi

Duk hutun da ka zo gida, taho da littafi mafi kauri, ka ajiye shi inda baƙi za su yi tuntuɓe da shi. Ba sai ka buɗe ba.

Dangi za su ɗauka duk abin da ke shan mai a hannunka yake. Kawu zai turo maka janaretansa da ya ƙi tashi. Kada ka taɓa. Zagaya shi sau biyu, hannu a baya, ka ce, "Kawu, wannan ai man da ya riga ya fito ne. Mu namu yana can ƙasa tukuna." Zai tafi yana jinjina kai.

Kuma ko da wasa kada ka faɗi cewa ɗanyen man da ka taɓa gani a shekara biyar bai wuce cikin wata 'yar kwalba ba, wadda malaminku ke ɗagawa sama ya nuna muku, ya mayar kabad ya kulle.

Mataki na 2: Zaɓi wurin aikin da ba a kai ziyara

Ka ce tsakiyar teku. Babu mota mai zuwa, babu sabis na waya, kuma ban taɓa ganin ɗan'uwan da son zumunci ya kai shi shiga jirgin ruwa ba. Ga shi aikin burtsatse ma sati biyu ake yi a ƙauye a dawo. Masana sun tabbatar ƙaryar da ta dace da kalanda ta fi tsawon rai.

Mataki na 3: Gyara kayan aiki

Rigar aiki da hular kwano duk ɗaya ne, ko mai ko ruwa. Matsalar ita ce tambarin kamfaninku, wanda wani marar tausayi ya zana masa ɗigon ruwa shuɗi ƙato. Ɓare shi da reza.

Kafin ka shiga layinku, tsaya wurin bakanike ka ɗan shafa baƙin mai a gwiwa da bakin aljihu. Kaɗan fa. In ya yi yawa za a ce kai ma bakaniken ne, janaretan Kawu ya dawo.

Mataki na 4: Kula da kalanzir ɗin Umma

Umma za ta ce, "Yanzu kai kana can inda ake ɗibarsa, mu muna nan muna saye da kwalba?" Kada ka fara yi mata bayanin matatar mai, ba za ta saurara ba. Tsaya a gidan mai na bakin tasha ka cika jarka, ka shigo da ita a kafaɗa kana haki.

Ranar farko da na yi haka, Umma ta kunna risho ta kira maƙwabciya. "Zo ki ga wutar nan. Ko hayaƙi babu. Na wurin aikinsu ne." Maƙwabciyar, wadda a gidan man nan take sayen nata, ta rantse ba ta taɓa ganin irinsa ba.

In Kawu ya tambaye ka ko farashin fetur zai sauko, dubi sama ka ce, "Muna kan tattaunawa."

Mataki na 5: Ɓoye farin cikinka

Ga inda da yawa ke faɗuwa. Ba a gaya maka a jami'a ba, amma aikin nan yana shiga rai. Za ku kwana uku injin na ruri, ƙura ta rufe ku, sai ƙasar da ke fitowa ta fara duhu, ta fara danshi. Can sai ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙe kowa. Matan da suka saba tafiyar awa biyu da bokiti za su taho a guje, wata tsohuwa ta riƙe hannunka ta ƙi saki.

Kada ka shigo gida da wannan fuskar. Injiniyan mai fuskarsa a ɗaure take, kamar wanda ke lissafi a zuci. Tsaya a ƙofa ka ɗaure ta tukuna.

Mataki na 6: Kada ka nemi shawara a gida

Wata rana za ku je ƙauyen da zai ƙi ku. Namu yana gindin wani tudu. Muka auna da na'ura, na zana taswira mai launi huɗu, muka haƙa, sai baƙin dutse. Muka matsa, dutse. Muka sake matsawa, dutse. Mai kamfani ya ce in rami na huɗu ya fito a bushe za mu naɗe kaya, ni kuma in je in nemi man da na karanta.

A irin wannan lokacin za ka dawo gida ka tarar da mutumin da ya fi kowa sanin ƙasa zaune a ƙofar gida yana gyara igiyar da ba mai amfani da ita. Bakinka zai yi ƙaiƙayi. Danne. Gaishe shi, ka ce teku lafiya lau, ka wuce ciki.

Mataki na 7: Wanke takalminka

Wannan matakin daga baya na ƙara shi.

Da la'asar ce. Na cire takalmin aiki a bakin ƙofa kamar kullum, na shiga na watsa ruwa. Ina fitowa na ga Baba a kan kujerarsa, takalmina a cinyarsa. Ya kankare ƙasar da ta maƙale a ƙasansa da farce, ya murza, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe.

"Injiniya," ya ce, bai ɗago ba, "tekun nan naku ƙura yake yi?"

Na ce, "Baba, ai wani lokacin iska kan..."

"Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Watan farko ka zo da jan yumɓu. Na gaba da farin yashi mai laushi, na ce madalla, sun samu. Wata goma sha huɗu ina karanta takalmin nan. Yanzu zuwa uku ke nan kana kawo min garin baƙin dutse. Gaba nawa kuka kai?"

Baba da gaba yake auna zurfi, wato buɗin hannu biyu. Na juya mitocina a kai na ce, "Wajen arba'in."

"Ba ku samu ba."

"Ba mu samu ba, Baba. Ka yafe min. Na san mai ka so."

Ya ajiye takalmin a hankali. "Na so. Ranar da na gane, kwana uku abinci bai min daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba. Wannan ya wuce tuni. Abin da bai wuce ba, ka tsaya a kan dutse har sau uku, ga ni nan zaune ba aikin fari ba na baƙi, ka wuce ni ka ce teku lafiya."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin sauƙi irin nata ba.

Washegari ya riga ni shiga mota. A ƙauyen bai ko kalli taswirata ba. Ya yi ta tafiya a hankali yana duban itatuwan da ba su zubar da ganye ba, ya tsuguna wurin wani suri ya fasa gefensa, ya murza ƙasar. Can gangare, nesa da duk ramukanmu, ya kafa sandarsa. Na kawo na'ura na auna, don kada digiri ya tafi a banza, ita ma ta yarda. Mai kamfani ya ja ni gefe ya ce, "Wannan dattijon wace jami'a ya yi?"

Kwana biyu muka samu ruwa, a gaba ashirin da shida. Baba na tsaye a ƙarƙashinsa da hular kwanona a kansa, ya jiƙe sharkaf, yana dariya yana ƙwala min kira in zo in taɓa in ji sanyinsa. Sai da ya kira sau uku na gane da ni yake, domin da sunana ya kira ni.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In mahaifinka ya ƙwace maka hula, ya riƙe kujerar gaba a motar kamfani, yana gabatar da kai ga masu gari da "wannan ɗana ne, yana koyo," kai ka jiyo. In Kawu ya dawo da janareta, tsakaninku ne. Batun kalanzir kuwa ka ci gaba da sayowa, don Baba ya ce shi ma ba shi da ƙarfin halin gaya wa Umma.