Kwalbar Da Ba A Buɗe Wa Yaro Ɗaya

Jiya na rufe shagon aski, na kwashi 'yata da uwarta sai asibitin unguwa, a yi mata allurar rigakafin nan da aka haɗa ƙyanda da wasu cututtuka a ciki. Ƙyanda ta riga ta shigo layin bayanmu. Muka tarar da benci fayau, daga mu sai wata kyanwa.

Malamar asibiti ta duba kati ta ce, "Baban yarinya, sai haƙuri. Kwalbar ta yara goma ce, in an buɗe ba ta kwana. Ba zan fasa ta don mutum ɗaya ba."

"To ina sauran?"

"Suna gida, iyayensu na sauraren waya."

Gaskiyarta. Wani saƙon murya ne ya karaɗe unguwa, wai allurar haɗin tana sa yaro otizim, ya daina magana da kallon mutane. Kada ku ce manyanmu sun yi sake. Sun kafa kwamitin wayar da kai, sun kafa allo a mararraba, ga hoton Ranka-ya-daɗe, shugaban kwamitin, yana murmushi, bayanin allurar kuma can ƙasan takalminsa, sai da tabarau. Har mota mai lasifika suka saya. Kullum ina ganinta tana kai 'ya'yan Ranka-ya-daɗe makaranta, kuma ba ta taɓa makara ba.

Ni da ba ɗan kwamiti ba na shiga bin gida-gida ina roƙon jarirai. Na samu na samu, saura ɗaya, sai gidan tela. Babban ɗansu ba ya magana, yana zaune a tsakar gida yana jera murafan kwalba. Uwarsa na goye da ƙanwarsa.

"Ni na kai shi da hannuna," in ji ta. "Ni na danne masa ƙafa aka yi masa allurar. Ka ce in sake?"

Na ce ta zo ta yi tambaya kawai, ba mai taɓa mata goyo.

Muna isa asibiti malamar ta zaunar da ita. "Yaya, an bincika yara masu ɗimbin yawa, waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga bambanci ba. Alamun kan bayyana ne a shekarun da ake allurar, shi ya sa ake zarginta. Ba ke kika jawo masa ba."

Matar ta fashe da kuka. "Duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa faɗa min."

Ta share ido, ta kwance goyo, ta miƙa. Aka buɗe kwalba. 'Yata ta tsala ihu tana hararata kamar na sayar da ita.

Ranka ya daɗe, na lura da kyau: maganar da ta sauke wa matar nan nauyin shekaru ko ɗigon fetur ba ta sha ba. Motar na iya ci gaba da kai yara makaranta.