Tika Uku a Gidan Majhi

"…Lafiya lau, amarya. Yau kuma wane laifi na yi ake kawo min shayi da hannu biyu?"

"Sha dai, ango. Wataƙila shi ne na ƙarshe da za ka sha daga hannuna."

Mai tambayar mahaifina ne, Sekandar Majhi, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tsallakar da mutane a kogin Meghna. Mai amsawar 'yata ce Shiuli, da ɗanta Tuhin a kwankwaso. Ni kuwa ina bakin murhu, kuma wutar da ke cina ta fi wadda ke cin itacen.

Wanda ya fara kiran abu uku da suna ɗaya a harshenmu, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba. Ɗigon kwallin da muke yi wa jariri a goshi saboda kambun baka, tika. Curin gawayin da ake ɗora wa hukka, lofen ruwan tsofaffi, tika. Allurar rigakafi, ita ma tika. Ranar da ma'aikaciyar lafiya ta bi gida-gida tana neman yaran da suka isa allurar ƙyanda, ni da Shiuli muna gaci muna shanyar barkono. Ta tarar da Baba da yaron a cinya, ta ce an yi masa tika? Ya ce an yi. Ta wuce abinta. Ba mu sani ba sai shekaranjiya a gidan maƙwabciyarmu Rokeya, wurin gaisuwar ɗanta Mithu da ƙyanda ta ɗauke. Ma'aikaciyar lafiyar nan ta dafa Shiuli ta ce, "Naki dai alhamdu lillahi, kakanki ya ce an yi masa."

Yanzu masu bincike sun sauka a makarantar tsallake, suna yi wa yaran da aka wuce allura, kuma da zarar ruwa ya fara janyewa za su tafi. Maza duk sun bi kifi da jiragensu. Kwale-kwale ɗaya ya rage, na Baba, filafilinsa kuwa yana zaune a kai tun da ya idar da sallar asuba. Ni 'ya ce, ba ni da bakin da zan ce masa tashi. Jika tana da shi.

"Me kake zaune a kai, tsoho?"

"Abin da Allah ya ba kowa ya zauna a kai."

"Naka har da mariƙi? Ga shi nan ya leƙo ta ƙarƙashin zane."

"Kwanci nake yi. In ya ƙyanƙyashe in ba ki ɗaya a sadaki."

"Sadakin da kake min alkawari tun ina rarrafe? Ba ni filafilin, na yafe sauran."

"In ba ki, ki je ki kifar min da wannan ɗan ƙwacen a tsakiyar ruwa? Ya raba ni da matata dai, amma ban ce a kashe shi ba."

"Au, ashe ka damu da shi. Ranar da matar asibiti ta zo fa?"

"Ta yi tambaya, na ba ta amsa. Na dubi goshinsa, ga ɗigo baƙi ƙirin da uwarki ta yi masa da hannunta. In ce ba a yi ba? Ni da gemun nan in yi ƙarya?"

"Gemun da hayaƙi ya mayar ja kamar na bunsuru?"

"Lalle ne, jahila."

"Ka san tikar da take nufi, Kaka."

"Da ta ce ta hukka take so, da na ɗebo mata a gwangwani. Mutum ya yi karatu har ya rataya jaka, amma bai iya tambaya ba, laifin wa?"

Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Ta yaya za ki jefa wa tsoho kalma ɗaya daga bakin ƙofa, ki juya ki tafi, ba ki nemi uwar yaro ba? Amma rabin gaskiya ba ta hana ƙyanda shiga gida. Na tura itace cikin murhu da ƙarfi har tukunya ta girgiza. Ko waiwaye bai yi ba.

Ya zuƙi hukka ya ce, "Kuma na ji jini suke ɗiba. Birni za su kai su sayar."

"Naka? Wa zai saya? Rabi shayi, rabi ruwan hukka. Sauro ma in ya cije ka tari yake kwana yi."

"Sauron da ya ciji Sekandar Majhi, ba a sake jin ya yi ciwon baya ba."

"Ɗigo ɗaya ne a yatsa, manya da yara. So suke su ga wa ke da kariya a jikinsa, wa ba shi da ita, su gane ta inda cutar ta shigo mana."

"Su je su gane a jikin wasu. Ba a gwaji da 'ya'yana."

"Kai ne ka yi gwaji da nawa."

Ta faɗe shi a hankali, ba da muryar wasa ba. Ta zauna a ƙasa gabansa ta ɗora yaron a cinya.

"Tun shekaranjiya ba abin da nake yi sai duba bayan kunnensa. In ya yi atishawa sai in tashi in taɓa jikinsa. Mithu ma da tika a goshinsa, Kaka. Rokeya ba ta taɓa fashin yi masa ba. A gabana ta goge ta da gefen zanenta kafin a yi masa wanka."

Ƙugin hukka ya tsaya. Baba ya ajiye ta, ya ture mayafin kafaɗarsa, ya sa yatsa a kan tabon nan na dantsensa da muka tashi muna gani.

"Kin san wannan?"

"Na sani. Ka ce min kada ce ta cije ka, ka cije ta ita ma."

"Shekarar agana ce. Uwarki tana ciki. Masu lamba, masu yi wa mutane rigakafinta, suka zo da sassafe, ba sallama, suka ɓalle ƙofa. Ƙato ya sa min gwiwa a ƙirji a gaban kakarki, kamar ragon layya. Ba wanda ya ce, Sekandar, ka yarda? Ranar na ce wa kaina ba a ƙara taɓa wani nawa ina kallo."

"Kakata ta ce ka yi kuka har awaki suka amsa."

"Kakarki maƙaryaciya ce, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Su wa aka danne ranar?"

"Duk gidan."

"Har da Kaka Montaj?"

Saura kaɗan ludayi ya kuɓuce min. Montaj ƙanen Baba ne. Da masu lamba suka shigo, ya haura ta baya ya faɗa gonar rama ya ɓuya har suka tafi. Kafin damina ta faɗi agana ta ɗauke shi. Ban taɓa ganinsa ba, kabarinsa ma kogi ya cinye tun ina yarinya. Ba a kiran sunansa a gidan nan.

"Bakinki ya yi tsawo, yarinya."

"A wurinka na gada."

Ya juya ya dubi ruwa. Can ya ce, "Ya fi ni gudu. Tun muna yara ya fi ni gudu."

"Waɗancan sun danne ka, ba su tambaye ka ba, kuma ban ce sun kyauta ba. Amma wannan ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ka. Ta ga jan gemu ta yarda. Kai kuma ka yi mata wasa da kalma."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Ni ba zan danne ka ba, ango, ƙasusuwanka ba za su ɗauka ba. Tambayarka nake yi. Ba ta goshi nake nufi ba, ba ta hukka ba. Ta allura, a jikin Tuhin, yau, kafin ruwa ya janye. Ka yarda?"

Ya miƙa hannu ya karɓi yaron. Ya juya masa kai, ya lanƙwasa kunnen dama da babban yatsa ya duba, ya duba na hagu. Tuhin ya kama gemun ya ja.

"In na ce a'a fa?"

"In sa shi a babbar tukunya in tura ta ina iyo. Kai kuma ka zauna a kan ƙwanka kana kallo, mutanen tsallake su ce ga jikar Majhi can ba ta da mai tsallakar da ita."

Sai dariya ta ƙwace masa, irin mai haɗe da tari. Ya share ido da mayafi ya ce hayaƙin murhuna ne, alhali iska ba ta wajensa take ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko filafilin ya miƙa mata.

"Bai ƙyanƙyashe ba, bara-gurbi ne. Ungo sadakinki, kada ki ƙara cewa ban biya ba."

Tana kai hannu ya janye.

"Bari kawai, ba ki iya ba. Kuma ni za a fara hudawa. Sai na ji da kunnena sun tambaye ni kafin su taɓa shi."

"In ka yi kuka zan gaya wa awaki."

Na yayyafa wa wuta ruwa na bi su. Muka biyo ta ƙofar Rokeya. Rigar Mithu tana kan igiya, ba wanda ya iya saukewa. Baba ya tsaya ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi, sannan ya ƙara sauri, saurin da na daɗe ban ga ya yi ba.

A bakin ruwa, yana kwance igiyar kwale-kwale, Shiuli ta lakaci kwallin goshin ɗanta da ɗan yatsa ta ɗiga wa Baba a tsakiyar goshi.

"Mene ne haka kuma?"

"Kada 'yan matan asibiti su yi maka kambun baka su ƙwace min. To, in suka tambaye ka an yi maka tika, me za ka ce?"

Ya kafa filafili a ruwa ya tura mu daga gaci.

"In ce musu, wacce?"