Ranar da Na Toshe Lungunmu a Asata

Da zan sayi motar daji mai kujera biyu, don jigilar kaya da yawon tsaunukan Enugu, na duba inji da tayoyi kamar tsohon bakanike. Faɗinta kawai ban auna ba.

Na ɗauko surukina daga masallaci ina cika baki: "Baba, wannan ko dutse hawa take."

Muna shiga lungunmu na unguwar Asata ta maƙale tsakanin katangu, ba gaba ba baya, ƙofofi ba sa buɗuwa. Sai 'yan okada, wato 'yan acaɓa, suka zaro tsohon ta buɗaɗɗen saman motar, hularsa a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Har yau in na tunkaro, maƙwabta cewa suke: "Ku matsa, ga Toshe-Lungu nan!"