Yadda Za Ka Zagaya da Kawunka Guangzhou Ka Dawo da Shi da Rai

Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, ina ba shi tabbacin cewa zai nuna wa baƙonsa gari, ya ɗanɗana masa abincin ƙasa, ya kuma mayar da shi masauki da ƙafafunsa. Ba a littafi na samo su ba. An gwada su a kan Abdulrasheed, saurayi mai digiri daga wata jami'ar garin nan, da kawunsa Alhaji Tankari, mai shagon jakunkuna a Kano. Alhaji ya zo ne ya gani da idonsa ko yaron ya isa a damƙa masa sarin kaya daga Shiling, unguwar masana'antun jaka da ke bayan gari, ko kuwa a mayar da shi gida tsaron shago.

1. Kada ka runtsa

Shiri na farko shi ne kokwanto. Abdulrasheed ya kwana yana juyi, yana tambayar kansa ko ilimin da bai taɓa cika kwantena ba ya cancanci sunan ilimi. Ka yi koyi da shi. Jajayen idanu da safe suna sa dattijo ya ɗauka kana da himma.

2. Ka fara da masallaci

Ka kai shi tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya. Masana sun tabbatar da cewa wanda ya yi nafila ba ya faɗa sai an jima.

"Wannan ya girmi badalar Kano?" in ji Alhaji.

"Haka masu tarihi suke cewa, Kawu."

"Ban biya wa masu tarihi kuɗin makaranta ba. Kai me ka ce?"

Ka ce ya girme ta. Kada ka kawo hujja.

3. Ka nuna masa abu mai tsawo

Bakin kogi akwai hasumiyar da ake zuwa gani daga ko'ina. Kada ranka ya ɓaci idan bai ɗaga kai ba. Alhaji jakunkunan matan da ke ɗaukar hoto ya tsaya kallo, ya ce hannun waccan ja ɗin ba zai kai ƙaramar sallah ba. Ka ɗauke shi hoto don Hajiya, ku wuce.

4. Ka amsa gayyatar lawban

Lawban shi ne maigida da yaren nan. Na Abdulrasheed sunansa Wu, mai masana'antar da Alhaji yake saye a wurinsa, mutumin kirki, wanda ya nemo gidan abinci na halal don baƙonsa. Za a zuba shayi mai zafi a ɗauraye kofuna da shi kafin a fara. Alhaji ya gani ya gyaɗa kai, ya ce mutanen nan sun san tsarki. Ka ji daɗin wannan lokacin sosai, domin shi ne na ƙarshe.

5. Ka san irin yaƙin da ka shiga

A gidan su Alhaji, abincin da aka yi wa bisimilla ba a barinsa. Wanda ya rage ƙwayar shinkafa ya raina ni'ima. A wurin Lawban Wu kuwa, farantin da baƙo ya share tas shaida ce cewa mai masauki marowaci ne, ya bar mutum da yunwa. Kowannensu mai ladabi ne, kuma ladabin ne yake neman ran ɗayansu.

Aka kawo ƙananan kwanduna na gora masu tururi, da ƙullin fulawa mai jatan lande a ciki. Alhaji ya ajiye tsinkayen cin abinci, ya nemi cokali, ya share su. Wu ya kalli kwandunan, fuskarsa ta canza, ya ɗaga hannu. Sai ga gasasshiyar agwagwa. Sai ga kifi da kansa da idanunsa. Sai ga ƙafafun kaza, waɗanda Alhaji ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Allah ne ya halicce su," ya sa hannu.

6. Ka yi tafinta da gaskiya, ba za ta amfane ka ba

"Ka gaya masa alhamdulillahi, na ƙoshi."

Abdulrasheed ya faɗa. Wu ya yi dariya, ya ce baƙon nan akwai kunya, ya sa a kawo taliya.

"Kawu, a al'adarsu sai an rage kaɗan."

"A rage? Boko ne ya koya maka haka, ko su?"

Gumi ya jiƙa hular Alhaji. Ya sa hannu ƙarƙashin riga ya sassauta mazagin wando, yana murmushi, yana cewa "shiye-shiye", wato na gode, da muryar wanda ake zare wa rai. Wu ma ya daina dariya. Yana duban takardar abinci kamar kwamandan da harsashi ya kusa ƙare masa.

7. Ka zaɓi wanda zai zama marar tarbiyya

A nan ne Abdulrasheed ya fahimci cewa ba mai ja da baya a cikinsu, kuma dole wani ya yi abin kunya kafin a tashi. Ya san abin da Kawu zai ɗauke shi. Ya tuna shagon Kano da bencin da ke jiransa. Sannan ya juyo faifan tsakiyar teburin, wanda abincin ke kai, a hankali, ya kwashe sauran taliyar da rabin kifin ya tara a farantinsa, ya ajiye tsinkaye a gefe, ya naɗe hannu. Bai ci ko loma ba.

Wu ya ga tulin abincin da ya gagara, ya saki ajiyar zuciya, ya sa a kawo shayin sallama. Alhaji kuwa ya zuba wa ɗan 'yar'uwarsa ido har suka fito titi.

"Almubazzari," ya ce, yana dafe da fitilar hanya. "Abin da ka zo koyo ke nan. Sai na gaya wa uwarka."

"Na yi kuskure, Kawu."

"Ka yi babba." Ya numfasa da ƙyar. "Wu ya ce gobe ma akwai liyafa a Shiling?"

"Ya ce ta fi ta yau."

Alhaji ya kalli motocin da ke wucewa.

"Kai za ka je. Daga yau duk wata hulɗa da mutumin nan ta hannunka za ta bi. Tunda ba ka da kunyar abinci, ka fi ni dacewa da shi. Tsayar mana da tasi, kuma ka ce wa direban ya bi a hankali."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a kumburin ciki, ko tsinkewar mazagi, ko wayar da mahaifiyarka za ta bugo tana kuka kan lalacewar tarbiyyarka. Idan kuma kawunka mai babban ciki ne, wanda zai iya cinye taliyar ya nemi ƙari, to ka shirya jakarka. Shago yana buɗewa da safe.